Blade Runner: Fim ɗin da Ya Juya wa Littafinsa Baya

A littafin da marubucin nan Ba'amurke Philip K. Dick ya fitar a 1968, mai suna Do Androids Dream of Electric Sheep?, wani jami'in farauta mai suna Rick Deckard yana kiwon tunkiya a saman rufin benen da yake zaune a birnin San Francisco. Tunkiyar ta ainihi ta mutu, sai ya sa aka ƙera masa wata mai aiki da lantarki, kamarsu ɗaya, don kada maƙwabta su gane. A duniyar da Dick ya ƙaga an yi yaƙin nukiliya, ƙurarsa ta kashe yawancin dabbobi, mujiya ma ta ƙare ƙaf. Duk wanda ba ya kula da dabba mai rai abin kunya ne a unguwa, ana yi masa kallon wanda zuciyarsa ta bushe. Har da kundin farashin dabbobi da mutane ke yawo da shi a aljihu. Abin da ya sa Deckard ya karɓi aikin kashe mutanen ƙira, wato halittu masu siffar mutum da ake ƙerawa a masana'anta, guda shida da suka gudo daga duniyar Mars, a kan dala dubu kowane kai, shi ne ya tara kuɗin sayen dabba ta gaske.

Wanda ya kalli Blade Runner, fim ɗin da Ridley Scott ya yi daga wannan littafi a 1982, zai nemi tunkiyar nan ya rasa. Babu matar Deckard, babu San Francisco, babu addinin da ya ratsa littafin. Scott da kansa ya faɗa cewa bai ma karanta littafin har ƙarshe ba. Amma duk sanda aka zo lissafin finafinan almarar kimiyya da aka ciro daga littattafai, wannan yana sahun gaba. A ganina abin da ya raya fim ɗin shi ne ya kifar da maganar littafin, ya faɗi kishiyarta, kuma ya faɗe ta da kyau. Sai dai kifarwar ta zo da asara, kuma ba a cika lissafa asarar ba.

Sai an san abin da ya dami Dick kafin a gane girman sauyin. Lokacin da yake bincike don wani littafinsa na farkon shekarun 1960, wanda ya ƙaga duniyar da 'yan Nazi suka ci yaƙi, ya karanta takardun jami'an Jamus na lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya sha ba da labarin wani jami'i da ya rubuta a littafin ajiyarsa yana ƙorafin cewa kukan yara masu fama da yunwa yana hana su barci. Abin da ya tsaya wa Dick a rai shi ne mutumin bai ji komai game da yaran ba, barcinsa kawai ya dame shi. Daga nan ya fara tunanin wata halitta mai siffar mutum, mai hankali, mai iya magana da lissafi, amma an cire mata tausayi. Mutanen ƙira na littafinsa ke nan. Akwai wurin da ɗaya daga cikinsu, Pris, ta kama gizo-gizo, wanda samun irinsa a wannan duniya gagarumin abu ne, ta sa almakashi tana yanke masa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya don ta ga ko zai iya tafiya da huɗu. Mutumin da ya ba su mafaka, wani mai raunin ƙwaƙwalwa da ake kira Isidore wanda jama'a suka raina, yana tsaye yana kallo kamar zai haukace. Dick ya nuna a fili wane ne mutum a ɗakin.

Shi ya sa gwajin da ake gane mutumin ƙira da shi, wato Voigt-Kampff, bai shafi ilimi ko basira ba. Tambayoyi ake yi game da wahalar da dabbobi, ana duba motsin ƙwayar ido da sauyin jini a fuska. Addinin littafin ma a kan tausayi aka gina shi. Mutum ya riƙe hannuwan wani akwati, sai ya ji ya zama ɗaya da wani tsoho mai suna Mercer da ke hawan dutse ana jifarsa, kuma ya zama ɗaya da duk waɗanda suka riƙe nasu akwatin a wannan lokaci. Can gaba aka tona asiri cewa Mercer wani tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne mashayi, dutsen kuma zane ne a ɗakin ɗaukar fim. Tonon asirin bai canza komai ba, mutane suka ci gaba da riƙe akwatin. Irin wannan abu yana zaunuwa a takarda, amma da wuya kyamara ta ɗauke shi ba tare da ya zama abin dariya ba, don haka ban ga laifin waɗanda suka zubar da shi ba.

Hanyar littafin zuwa majigi ta yi tsawo. An sayi haƙƙinsa a farkon shekarun 1970, aka rubuta labarin fim da Dick ya ƙi jini, maganar ta mutu. A 1977 Hampton Fancher, tsohon ɗan wasa da ya koma rubutu, ya ɗauko ta, aka kai wa furodusa ɗan Ingila Michael Deeley, wanda ya yi The Deer Hunter. Rubutun Fancher ƙaramin labari ne na cikin ɗakuna, soyayya tsakanin mafarauci da macen da ya kamata ya kashe. Scott, wanda Alien ya ɗaga sunansa a 1979, da farko ya ƙi, domin yana shirin yin Dune. Rasuwar yayansa Frank ce ta sa ya bar wancan aiki mai jan lokaci, ya nemi wanda zai shiga nan take, ya karɓi wannan a farkon 1980. Tambayar da ya dinga yi wa Fancher ita ce me ke wajen taga. Daga wannan tambaya fim ɗin ya fita daga ɗaki ya shiga titi. Da aka kasa daidaitawa tsakaninsu, aka kawo David Peoples ya sake rubutun. Sunan fim ɗin ma aro ne, an saye shi daga wani littafi dabam na Alan E. Nourse na 1974 da wani rubutu da William S. Burroughs ya yi a kansa, waɗanda ba su da wata alaƙa da labarin Dick.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta yanke makomar fim ɗin na shekara 25. Kamfanin Filmways ya zuba kimanin dala miliyan 2.5, sannan ya janye a ƙarshen 1980, ana dab da fara ɗauka. Cikin 'yan kwanaki Deeley ya haɗo dala miliyan 21.5 daga wuri uku: kamfanin Ladd da ke aiki da Warner Bros., attajirin finafinan Hong Kong Sir Run Run Shaw, da kamfanin Tandem na Bud Yorkin da Jerry Perenchio. Matsayin Tandem shi ne mai tsaya wa aiki. Idan kuɗi suka ƙare fim bai ƙare ba, su za su cike giɓin, amma sharaɗin shi ne daga nan iko ya koma hannunsu. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin kuwa sun ƙare, jimillar abin da aka kashe ta kai kusan dala miliyan 28, kuma bayan an gama ɗauka a tsakiyar 1981 aka sallami Scott da Deeley a takarda, ko da yake sun ci gaba da aikin tacewa.

Birnin da ya sa fim ɗin ya yi suna, wato Los Angeles ta watan Nuwamba 2019, rabinsa dabara ce ta rufe ƙarancin kuɗi. Ba su da halin gina sabon birni, sai suka ɗauki tsohon titin New York da ke harabar Warner a Burbank, wanda aka yi finafinan 'yan daba a kansa tun shekarun baya, suka lulluɓe gine-ginen da bututu da wayoyi da fitilun talla. Mai zane Syd Mead, wanda ya taɓa yi wa kamfanin Ford zanen motoci, an ɗauko shi ne don ya zana motoci kawai, amma ya dinga zana titunan da motocin ke tsaye a kai, Scott ya ga abin ya yi masa. Tunanin da suka bi shi ne gari ba ya rushe tsohon abu ya gina sabo, sai dai ya dinga liƙa sabo a kan tsoho har asalin ya ɓace. Dare da ruwan sama da hayaƙi kuwa, ban da kyan da suka ba hoton, suna ɓoye inda katako ya ƙare da tsaunukan Burbank da ke bayan harabar. Jordan Cronenweth ya riƙe kyamara, ya dinga harbo haske mai ƙarfi daga baya ta cikin hayaƙin, har ya zama salon da ake gane fim ɗin da shi. Sauran wuraren na gaske ne: ginin Bradbury na 1893, tashar jirgin ƙasa ta Union da aka mayar ofishin 'yan sanda, da gidan Ennis na Frank Lloyd Wright wanda aka kwaikwayi tubalinsa a ɗakin Deckard.

Hoton farko, inda ake ganin filin masana'antu yana aman wuta har iyakar gani, babu kwamfuta a cikinsa. Ma'aikatan Douglas Trumbull, wanda ya yi aikin dabarun hoto a 2001: A Space Odyssey, sun gina shi ne a kan tebur, da siraran farantan tagulla da aka yanka siffar hasumiyoyi, da dubban ƙananan fitilu, aka cika ɗakin da hayaƙi don nesa ta yi kama da nesa. Kyamara takan bi hanya ɗaya sau da yawa, kowane zagaye a ɗauki abu guda, gini dabam, fitilu dabam, wuta dabam, a haɗa su a kan fim ɗaya. Scott ya ce ya ɗauko hoton ne daga masana'antun ƙarfe da na sinadarai na arewa maso gabashin Ingila inda ya taso, ya haɗa da cunkoson Hong Kong da zane-zanen mujallar Faransa ta Métal Hurlant. Vangelis, mawaƙin Girka, ya sa kiɗan da na'urorinsa a Landan yana kallon hotunan.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Duniyar Dick fanko ce. Mutane sun yi hijira zuwa Mars, manyan benaye sun zama kango, shiru da tarkace ne ke cin mutum. Duniyar Scott kuwa cunkushe take, ba wurin sa ƙafa. Fim ɗin ya riƙe biyun bai damu ya sasanta su ba: titi maƙil da jama'a, amma J.F. Sebastian, wani ma'aikacin kamfanin da ke yin mutanen ƙira, shi kaɗai yake zaune a katafaren bene. Wannan saɓani bai ɓata komai ba, domin duk wanda ya zauna a babban birni ya san yadda kango da cunkoso ke maƙwabtaka.

An fara ɗauka ranar 9 ga Maris 1981, aka shafe kusan wata huɗu, yawancinsa da dare cikin ruwan famfo mai sanyi. Zaman bai yi daɗi ba. Wannan ne aikin Scott na farko a Hollywood, kuma dokokin ƙungiyar ma'aikata sun hana shi riƙe kyamara da kansa kamar yadda ya saba. Da wata jaridar Birtaniya ta ruwaito shi yana cewa ya fi jin daɗin aiki da ma'aikatan ƙasarsa don ba sa musu, sai ma'aikatan Amurka suka buga riguna masu rubutun ba'a suka sa, shi ma ya buga tasa ya mayar da martani. Harrison Ford, wanda aka ɗauka ya fito a Deckard bayan an ɓata watanni ana tattaunawa da Dustin Hoffman, ya ji an bar shi shi kaɗai, darakta ya fi damuwa da inda kofi yake a kan tebur fiye da abin da jarumi ke ji. An yanke wasu sassan saboda kuɗi, har da mace guda cikin mutanen ƙira, abin da ya bar kuskuren lissafi a bakin shugaban 'yan sanda, masu kallo suka yi shekaru suna neman na shidan da babu shi.

Yanzu ga kifarwar. A fim ɗin, mutanen ƙira bayi ne da kamfanin Tyrell ya yi don aikin wahala da yaƙi da biyan buƙatar sojoji a wasu duniyoyi, kuma an ƙayyade musu shekara huɗu su mutu, don kada su daɗe har su fara jin abin da mutane ke ji. Sun dawo duniya ne neman ƙarin kwana. Suna kisa, wani lokaci da mugunta, amma suna makokin junansu, ɗayansu yana yawo da hotuna kamar mai dangi. Wanda ya bushe shi ne Deckard. Ya harbi mace a baya tana gudu a tsakiyar kasuwa, ya je ya sayi kwalbar giya. A ƙarshe shugaban bayin, Roy Batty, ya same shi yana lilo a bakin rufi zai faɗi, ya miƙa hannu ya fizgo shi, sannan ya zauna ya mutu a gabansa. Rutger Hauer, ɗan ƙasar Holan da ya fito a Batty, ya rage dogon jawabin da aka rubuta masa a daren da za a ɗauka, ya ƙara layin da ya kwatanta ɓacewar abin da ya gani da hawaye cikin ruwan sama. Layin nan ya fi komai a fim ɗin yawo a bakin mutane.

Dick ya gane sauyin tun kafin a gama, kuma sun yi maganarsa da Scott. Shi yana ganin halittun nan abin ƙyama ne, ƙasa da mutum, don ba su da zuciya. Scott yana ganin sun fi mutum ƙarfi da sauri da basira, an dai danne su ne. Babu yadda za a haɗa ra'ayoyin nan biyu, kuma na Scott ne ya hau majigi. Abin da ya sa na ce kifarwar ta yi aiki shi ne ta riƙe tambayar, ta sauya wanda ake tuhuma. Dick ya tambayi mene ne mutum idan an cire tausayi, ya nuna amsar a jikin inji. Fim ɗin ya nuna ta a jikin wanda hukuma ta ba bindiga da lasisi. Idan aka koma ga jami'in da kukan yara ya hana barci, ai shi ma ma'aikacin hukuma ne da ke bakin aikinsa. Ta wannan fuska fim ɗin ya fi kusa da abin da ya tayar wa Dick hankali tun farko fiye da yadda shi Dick ɗin ya zata.

Asarar kuma ita ce dabbobin. An bar ɓurɓushinsu: mujiyar ƙira a ofishin Tyrell, macijin ƙira, tambayar gwajin Voigt-Kampff game da kunkuru da aka kifar a rana. Amma wanda bai karanta littafin ba ba zai san dalilin da ya sa ake tambayar mutum game da kunkuru don a gane ko mutum ne ba. A littafin, tausayi aiki ne na kullum, ciyarwa da shara da kai dabba wurin likita, har da kula da abin da ka san na ƙarya ne. Deckard ya ci bashi ya sayi akuya baƙa, Rachael, wata macen ƙira da ya yi mu'amala da ita, ta turo ta daga saman bene don ta rama abin da ya yi. Daga baya ya tsinci kwaɗo a jeji ya zo da shi gida da murna, matarsa ta gano na lantarki ne, amma ta yi odar ƙudajen lantarki don a ciyar da shi. Fim ɗin ba shi da wannan taushin ko kaɗan, ba shi kuma da barkwancin littafin, inda miji da mata ke faɗa a kan lambar da za su danna a na'urar sauya yanayin zuciya.

Dick ya fara da zagin aikin a fili, sannan ya sauko bayan ya karanta rubutun Peoples. A ƙarshen 1981 aka nuna masa kusan minti 20 na hotunan birnin, ya nemi a sake maimaita masa, ya ce haka ya gan shi a kansa. Bai ga sauran ba. Ya rasu ranar 2 ga Maris 1982 bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 53.

A watan da ya rasu aka gwada fim ɗin a gaban 'yan kallo a Denver da Dallas. Da yawa sun fito suna cewa ba su gane ba, kuma ya yi duhu. Masu kuɗi suka tsorata. Aka sa Ford ya karanta bayani a bayan hoto yana fassara abin da ido ya riga ya gani, da murya kamar ta wanda aka tasa daga barci. An daɗe ana cewa da gangan ya ɓata karatun don a ƙi amfani da shi, shi kuwa ya musanta, ya ce rubutun ne ba shi da kyau. Aka kuma liƙa ƙarshe mai daɗi, Deckard da Rachael a mota cikin korayen tsaunuka, da bayanin cewa ita ba a ƙayyade mata shekara huɗu ba. Hotunan tsaunukan ragowar abin da Stanley Kubrick ya ɗauka ne don The Shining. Wato bayan awa biyu ana nuna maka duniyar da ta lalace har mutane na gudu, sai a ce ashe daji mai kyau yana nan bayan gari.

Ya fito ranar 25 ga Yuni 1982, mako biyu bayan E.T. na Steven Spielberg, wanda ya kwashe kasuwar wannan shekara. Mutane sun je ganin Ford, jarumin Star Wars da Raiders of the Lost Ark, suka tarar da shi yana shan duka kusan a kowane faɗa. Abin da ya samu a Amurka bai wuce kimanin dala miliyan 27 ba, kuma gidajen sinima ne ke riƙe kaso mai tsoka na irin wannan kuɗi. Masu sharhi suka rabu, da yawa suka ce ado ya cinye labari. Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. A matsayin labarin bincike fim ɗin rago ne, Deckard bai gano wani abin kirki da basirarsa ba.

Kaset ɗin bidiyo da tashoshin talabijin na kebul ne suka tashe shi. Fim ne da ke biyan wanda ya maimaita kallo, ya tsayar da hoto ya duba lungu. Sannan a 1989 wani ma'aikacin Warner mai kula da adana finafinai, Michael Arick, ya ci karo da kwafin gwajin nan a ma'ajiya. Aka nuna shi a wani sinima a Los Angeles a 1990, mutane suka ga fim kusan ba bayanin murya, ba ƙarshen tsaunuka. Da aka sake nunawa a 1991 a Los Angeles da San Francisco, layi ya yi tsawo har Warner ta ga akwai kuɗi a ciki. A 1992 aka fitar da abin da aka kira Director's Cut, wato sigar darakta, cikin gaggawa, Scott bai gamsu ba. A 1993 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda ake adanawa don tarihi. Rikicin haƙƙin mallaka da masu Tandem ya riƙe aikin gyara na shekaru, sai a 2007 The Final Cut ya fito, wanda shi kaɗai ne Scott ya yi da cikakken iko. Har aka kira Joanna Cassidy, wadda ta fito a macen da Deckard ya harba a baya, bayan shekara 25 aka ɗauki fuskarta aka ɗora a kan ta wadda ta yi mata wasan faɗuwa cikin gilasai, aka kuma gyara lissafin na shidan nan. Ana ƙirga siga bakwai na fim ɗin. Daga nan kamfanoni suka koyi cewa ana iya sayar da fim ɗaya sau uku da sunan ainihin nufin darakta, kuma yawancin waɗanda suka biyo baya ƙarin mintoci ne kawai da gara a ce an bar su a kwandon shara.

Sigar 1992 ta ƙara wani ɗan gajeren hoto: Deckard yana mafarkin farin doki mai ƙaho ɗaya. A ƙarshen fim abokin aikinsa Gaff ya bar masa siffar wannan dabba da ya naɗe da takarda. Idan Gaff ya san mafarkinsa, to an dasa masa mafarkin ne, shi ma ƙira ne. Scott ya fito a 2000 ya ce haka yake nufi. Ford ya daɗe yana cewa mutum ya taka, Fancher kuma ya fi son a bar abin a buɗe. Ni ina bayan Ford. Idan Deckard ƙira ne, to abin da ya faru a rufin nan ɗan'uwa ne ya ceci ɗan'uwansa, kuma bushewar zuciyarsa laifin masana'anta ce. Idan mutum ne, to bawa ne ya ji ƙan wanda aka aiko ya kashe shi, kuma babu wanda za a ɗora wa laifin bushewar sai shi. Littafin ya fi wayo a nan. Ya kawo wani mafarauci, Phil Resch, mai kisa ba ko gezau, har Deckard ya tabbata ƙira ne. Aka yi masa gwaji, ya fito mutum.

Akwai wuraren da shekaru suka tona. Inda Deckard ya tare ƙofa ya hana Rachael fita, ya tura ta jikin taga, ya sa ta maimaita kalmomin da yake so ya ji, an sa masa kiɗan soyayya, alhali abin da ke faruwa tilas ne a kan macen da ba ta da inda za ta kai ƙara. Haka kuma birnin cike yake da rubutun Japan da na Sin da fuskokin mutanen Asiya, amma waɗanda aka ba baki kaɗan ne, mai sayar da taliya, mai ƙera idanu, mai duba ɓawon maciji. A farkon shekarun 1980 Amurka na cikin fargabar motoci da kayan lantarkin Japan za su cinye kasuwarta, kuma wannan fargaba tana cikin hoton, ko an yi niyya ko ba a yi ba.

Abin da ya fi yaɗuwa daga fim ɗin shi ne kamanninsa. Marubuci William Gibson, wanda ke tsakiyar rubuta littafinsa Neuromancer a lokacin, ya ce ya fice daga sinima tun fim bai yi nisa ba, don ya ga abin da ke kansa a kan majigi, ya ji tsoron za a ce kwafa ya yi. Daga nan duhu da ruwan sama da fitilun talla da manyan kamfanoni da suka fi gwamnati ƙarfi suka zama yadda ake zana gobe, a finafinan zane na Japan irin su Ghost in the Shell na 1995, a wasannin kwamfuta, a tallace-tallace da bidiyon waƙoƙi. Kafin 1982 gobe a fim yawanci fara ce tas, mai sheƙi. Bayansa sai ta zama mai tsatsa, har abin ya zama gajiyawa, kowa ya kunna hayaƙi ya ce ya yi zurfin tunani. Ci gaban da Denis Villeneuve ya yi a 2017, Blade Runner 2049, ya ci Oscar biyu, ɗaya na Roger Deakins mai kyamara, amma shi ma bai mayar da kuɗinsa yadda aka so ba. Shekarar 2019 ta gaske ta zo ba mota mai tashi, kamfanin jiragen sama na Pan Am da fitilar tallarsa ke haska birnin ya rushe tun 1991, kuma Deckard da ke shiga rumfar waya don kiran bidiyo bai san za a sa abin a aljihun kowa ba.

Shi kuwa Dick, wanda ya yi yawancin rayuwarsa yana rubutu da sauri don biyan haya, an yi masa tayin kuɗin da aka ce sun kai dala 400,000 ya sake rubuta labarin yadda zai dace da fim, a janye littafinsa na asali. Ya ƙi. Saboda wannan ƙin ne aka sake buga littafin 1968 da sunan fim ɗin a bangonsa, kuma ta wannan ƙofa dubban masu karatu suka shiga sauran ayyukansa. Hollywood ma ta bi ta ƙofar: Total Recall a 1990, Minority Report a 2002, Paycheck a 2003, da wasu. Yawancinsu sun ɗauki dabarar da ke shafin farko na gajeren labari, suka cika sauran da gudu da harbi, suka mayar da ƙananan ma'aikata masu bashi da Dick ya saba rubutawa suka zama Arnold Schwarzenegger da Tom Cruise. Wanda ya fi bin littafinsa sau da ƙafa shi ne A Scanner Darkly na Richard Linklater a 2006, kuma yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin 'yan kallo.